Tambaya da Amsa: Injin Ban Ruwa na Sola, Mataccen Batir da Hayaƙin Madafa

Wasiƙun da suka iso mana a wannan wata galibinsu daga manoman rani ne da masu ƙananan sana'o'i da matan gida na ƙauyukan Kano da Jigawa. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, tayar da injin ban ruwa ko janareta ya zama abin da mai ƙaramin jari yake yi da ƙyar, shi ya sa hankalin jama'a ya koma kan hasken rana. Na zaɓi wasiƙu biyar, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina noman rani a fadamar Auyo, inda nake da hekta ɗaya ta albasa da tumatir, kuma kuɗin fetur yana neman cinye ribar gaba ɗaya. Na je sayen injin sola, wani mai shago ya ce fanel huɗu sun ishe ni, wani kuma ya ce sai goma, har da batir. Wanne ne mai gaskiya a cikinsu? Daga wani manomi a Auyo, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a san mai gaskiya a cikinsu, sai a ji ko akwai wanda ya tambaye ka abu uku: yawan ruwan da gonarka take sha a rana, zurfin da ruwan rijiyarka yake, da nisan da ke tsakanin rijiyar da ƙarshen gonar. Duk mai shagon da ya yanke maka adadin fanel bai ji amsar waɗannan ba, to ko dai ƙiyasi ya yi, ko kuma ya faɗi abin da yake da shi a ajiye. Lissafin kuwa ba shi da wuya, da kanka za ka iya yin sa.

A tsakiyar rani, hekta ɗaya ta kayan lambu tana shan ruwa tsakanin lita 50,000 zuwa 70,000 a kowace rana, gwargwadon zafi da iska da girman shuka. Mu ɗauki lita 60,000, wato duro 300 masu cin lita 200. Yunit ɗaya na wuta, irin wanda mitar gida take ƙirgawa, yana ɗaga kimanin lita 18,000 zuwa tsayin mita 10, bayan an cire asarar da ake yi a cikin injin da bututu. Ke nan lita 60,000 tana buƙatar yunit uku da ɗoriya. A yankinmu hasken yini guda, idan aka tattara shi, ya yi daidai da awa biyar zuwa shida na rana tsaka, don haka fanel masu jimillar wat 1,000 suna ba da yunit huɗu ko sama da haka kaɗan a yini. Fanel huɗu masu wat 300 kowanne sun kama wat 1,200, wanda yake nufin mai shagon farko yana iya zama da gaskiya, muddin duk hawan da ruwan zai yi bai wuce mita 10 ba. Idan kuwa hawan ya kai mita 30, sai a ninka komai sau uku, a nan goman da mai shago na biyu ya faɗa ne suka fi kusa da gaskiya. Haka nan idan wata shekara ka koma shinkafa, musamman a ƙasa mai yashi, ruwan da za ka nema zai iya ninka na albasa.

Inda mutane suka fi yin tuntuɓe shi ne wajen auna zurfi. Kada ka auna rijiya a watan Disamba tana hutawa ka ce zurfinta ke nan. A auna ta a watan Afrilu ko Mayu, bayan injin ya yi awa guda yana ja, domin a lokacin ne ruwa yake sauka iyakar saukarsa, kuma a lokacin ne shuka ta fi jin ƙishi. A kan wannan zurfin sai ka ƙara tudun da ruwa zai hau kafin ya isa fangali na ƙarshe. Siririyar mesa mai tsawo ita ma tana cin ƙarfin injin, har gara ka kashe kuɗi a bututu mai faɗi da ka ƙara fanel don cike gurbin abin da mesa ta cinye. Ka kuma sani cewa injin da yake zaune a bakin rijiya ba ya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita bakwai zuwa takwas, komai ƙarfinsa, saboda nauyin iskar da ke kanmu ne yake turo ruwan cikin bututu, kuma wannan nauyin yana da iyaka. Dalilin da ya sa ake haƙa rami a saukar da injin ke nan idan rani ya yi nisa. Ruwan da ya fi haka zurfi sai famfon da ake zurawa cikin rijiya, wanda masu sana'ar suke kira samasibul, shi kuma sai ka tabbatar bututun rijiyarka yana da faɗin da zai shiga.

Batir kuwa ba ka buƙatarsa. Ban ruwa da rana ake yin sa, kuma idan kana son ka shayar da yamma ko da sassafe, tara ruwa a tanki ko a kududdufin da aka shimfiɗa wa leda ya fi tara wuta a batir sauƙi da daɗewa nesa ba kusa ba. Abin da nake ba ka shawara ka ƙara shi ne fanel ɗaya a kan lissafin, saboda hazon Disamba da Janairu, sannan kada ka sayar da tsohon injinka na fetur, ka ajiye shi don ranar da hazo ya rufe gari.

Lambar da aka rubuta a bayan fanel ba kullum take zama gaskiya ba, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Hanyar da ta fi tabbas ita ce ka yi yarjejeniya da mai shago cewa ba za ka cika kuɗi ba sai an haɗa injin a kan rijiyarka an gwada. Ka kawo duro, ka duba agogo da rana tsaka. Injin da zai ba ka lita 60,000 a yini ya kamata ya cika duron cikin minti ɗaya da kwata ko ƙasa da haka. Idan ya ɗauki minti uku, to rabin hekta ma da ƙyar zai shayar.

Akwai wani abu da ba ka tambaya ba, amma ya fi damuna a kan duk wannan. Kakanninmu da jigo suke ban ruwa, gajiyar hannu ita take tsayar da su. Da aka kawo rijiyoyin bututu da ƙananan injina a shekarun 1980, sannan shirin Fadama na Bankin Duniya ya yaɗa su a shekarun 1990, kuɗin fetur ne ya zama linzami, domin ba mai barin injin yana aiki a banza. Injin sola ba shi da wannan linzamin, kuma manomi yana iya kunna shi da safe ya tafi kasuwa. Ruwan da ke ƙarƙashin fadama kuwa ruwan sama da ambaliyar kogin Haɗeja ne suke mayar da shi kowace shekara, ambaliyar da ta riga ta sauya tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kuma kacala da ta toshe hanyoyin ruwa har wani wuri ya cika ya tumbatsa wani ya bushe. A jihar Punjab ta Indiya, wutar da aka ba manoma kyauta ta sa an yi ta jan ruwa har rijiyoyi suna ƙara zurfi shekara bayan shekara. Ruwan da ya wuce kima ma ba alheri ba ne ga gona, yana wanke taki, yana ruɓar da saiwar albasa, yana kuma taso da kanwa saman ƙasa. Ina roƙon ƙungiyarku ta manoma ta zaɓi rijiyoyi biyu ko uku, a riƙa auna su da igiya mai ƙulli a ranar farko ta kowane wata, ana rubutawa a littafi. Idan aka ga ruwan Afrilun bana ya fi na bara nisa, na bara ya fi na bara waccan, to lokacin zama a raba awoyin ja ya yi, tun kafin rijiyar mai ƙaramin ƙarfi ta ƙafe.

TAMBAYA: Ina da shagon cajin waya da sayar da ruwan sanyi a ƙauyenmu. Batirin solata bai cika shekara ɗaya da rabi ba ya mutu. Me ya jawo haka? Sannan ƙanena ya ce maimakon mu sayar wa 'yan gwangwan da araha, mu fasa shi mu narkar da dalmar da ke ciki, ta fi kuɗi. Daga wani mai shago a ƙaramar hukumar Gezawa, Jihar Kano.

AMSA: Ɗan'uwa, zan fara da maganar ƙanenka, domin ita ce ta shafi rai. Don Allah kada ku fasa batirin nan. Dalma guba ce da ba ta da ƙamshi ko ɗanɗanon da zai faɗakar da mutum, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani mizani nata a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa. Idan aka fasa batir aka narkar da ita, hayaƙin yana shiga huhu, ƙurar kuma tana sauka a ƙasar tsakar gida ta zauna shekaru, yara masu rarrafe suna kai ta baki. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ta rage masa fahimta har abada, idan ta yi yawa kuma ta kawo jijjiga da mutuwa, mai ciki kuma tana iya yin ɓari. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana niƙa duwatsun zinare masu dalma a cikin gidaje. Wanda ya fi kama da abin da ƙanenka yake shirin yi shi ne na wata unguwa da ke gefen birnin Dakar na Senegal, inda yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 sakamakon sana'ar fasa tsofaffin batura da iyayensu suke yi. Ka mayar da batirin yadda yake, a tsaye, da ruwansa a ciki, ga dillalin da ya sayar maka, domin da yawansu suna karɓar tsoho su rage kuɗin sabo. Kada a zubar da ruwansa a kwata ko kusa da rijiya. Idan kuma ka san inda ake narkar da batura a tsakiyar gidajen mutane, sanar da mai unguwa da jami'an duba-gari, ko hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli, taimako ne ga 'ya'yan masu sana'ar kansu.

Game da mutuwar batirin, abu uku ne suka saba haɗuwa. Na farko, batirin dalma ba ya son a zuƙe shi ƙasa da rabi. Mai bolt 12 da aka rubuta 200 a jikinsa yana ɗauke da yunit 2.4 na wuta, amma rabin wannan ne kawai naka, kuma bayan inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ta ci nata, abin da zai rage bai wuce yunit ɗaya ba, wato kaya masu jan wat 200 na tsawon awa biyar. Wanda ya bar firji da fanka da talabijin a kansa har sai inbata ta yi kuka ta mutu kowane dare, watanni yake rage wa batirin a kullum. Na biyu, rashin cika caji: idan fanel sun yi kaɗan kuma da rana ma ana jan wuta, batirin ba ya taɓa cika, sai wani farin abu ya daskare a jikin farantan cikinsa, daga nan ba ya ƙara riƙe wuta. Na uku shi ne zafi. An ƙera batir don yanayin digiri 25, kuma kowane ƙarin digiri takwas zuwa goma yana raba rayuwarsa biyu, ga shi a bazara zafin Kano yana wuce digiri 40, cikin shagon kwano kuwa ya fi haka.

Idan za ka sayi sabo, ka ajiye shi a wuri mafi sanyi mai shigar iska, nesa da wuta, saboda yana fitar da iska mai kamawa lokacin caji. Ka sa na'urar daidaita caji tsakaninsa da fanel. Mai ruwa ka riƙa duba shi kowane wata kana ƙara masa tataccen ruwan batir, ba ruwan rijiya ko na leda ba. Firjinka kuma ka sa ya yi aikinsa da rana ya tara ƙanƙara, ka kashe shi da dare. Batirin litiyam ya fi tsada a ranar saye, amma yana yarda a sha kashi 80 cikin 100 nasa, yana kuma jure caji da saukewa sau dubbai, don haka ga mai sana'ar kullum irinka ya fi sauƙi idan aka raba kuɗin a kan shekaru.

TAMBAYA: Ina ne ya kamata fanel ya fuskanta, kuma da me ake wanke shi? Daga wata ɗaliba a Kazaure.

AMSA: 'Yata, a Kano da Jigawa fanel kudu yake fuskanta, a karkace shi digiri 10 zuwa 15, wanda zai sa ya sami rana sosai, ruwan sama kuma ya gangara da datti. A bar tazarar kamu guda tsakaninsa da rufin kwano don iska ta ratsa, domin yawan zafi yana rage wutar da yake bayarwa. A kula da inuwa, ko ta reshe ɗaya ce ko kashin tsuntsu, saboda ɗan wurin da ya rufu yana janyo sauran baya. Da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi ake wanke shi, da sassafe ko bayan la'asar sakaliya lokacin da gilashin ya huce, ba tare da soson ƙarfe ko toka ba. A lokacin hunturu sau ɗaya ko biyu a mako ya dace.

TAMBAYA: Hayaƙin itace ya dame ni, idanuna kullum suna ruwa, jaririna kuma ba ya rabuwa da tari, ga itacen ya yi tsada. Na ji a rediyo ana yin gas na girki da kashin shanu. Muna da shanu uku. Za su isa? Kuma abincin ba zai yi wari ba? Daga wata uwar gida a ƙaramar hukumar Ringim.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya, kuma ki kai shi asibiti a duba tarin, kada a jira sai an gyara murhu. Damuwarki tana kan hanya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020, mata da ƙananan yara kuma su ne suka fi shaƙar sa.

Gas ɗin da kika ji gaskiya ne. Ana dama ɗanyen kashin shanu da ruwa daidai wa daida, a zuba a rufaffen rami na siminti ko babbar jakar roba da iska ba ta shiga, sai ƙananan halittun da ke cikinsa su ruɓar da shi su fitar da iska mai kama wuta, a janyo ta da bututu zuwa murhu. Harshen wutar shuɗi ne, ba ya hayaƙi, ba ya baƙanta tukunya, abinci kuma ba ya ɗaukar wari ko kaɗan. Abin da ya fito daga ramin bayan wata guda ko fiye taki ne mai kyau, wanda ya riga ya ruɓe, don haka maigida ba zai yi asarar takin gonarsa ba. Ta fuskar tsarki kuma, a mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, matuƙar ba ƙazanta take ci ba.

Sai dai lissafin shanu uku yana da ƙaranci. Kilo ɗaya na ɗanyen kashi yana ba da gas kimanin lita 30 zuwa 40, girkin gida mai mutum biyar ko shida kuma yana cin lita 1,500 ko fiye a rana, wato ana neman kilo 40 zuwa 50 na kashi kullum, da ruwa mai yawan haka. Saniya irin tamu tana yin kimanin kilo 10 a yini, kuma idan kiwo take fita, rabinsa a daji yake zuba. Shanunku uku, idan a ɗaure suke, za su iya ɗaukar girki ɗaya a rana, idan kuwa suna fita sai dai ruwan zafi da koko. A hunturu gas ɗin yana raguwa saboda sanyi. Wanda abin ya fi yi wa amfani shi ne mai turken kiwo, ko gidaje biyu ko uku da suka haɗa shanunsu, ko makarantar kwana, kuma da sharaɗin akwai ruwa kusa da wanda zai riƙa zubawa kowace safiya ba fashi. Ramukan da suka mutu galibi rashin wannan mutumin ne ya kashe su.

Abin da za ki iya yi tun wannan makon ya fi wannan sauƙi. Murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na zafin itace kawai yake kai wa tukunya, sauran iska ce take kwashewa. Murhun laka da aka gina ya rungumi tukunya, mai ƙofa ɗaya ta sa itace, yana rage cin itace da kashi ɗaya cikin uku ko fiye, kuma da yumɓu da yashi da ɗan kashin jaki ko ƙaiƙayi ake gina shi. Ki yi girki a rumfa mai iska ko a buɗe tagogi biyu a madafa, ki yi amfani da busasshen itace da aka faskara ƙanana, ki rufe tukunya, ki jiƙa wake tun dare. Mafi muhimmanci, kada ki goya jaririn a gaban murhu, kuma kada a shigar da garwashi ɗaki a rufe ƙofa lokacin sanyi, domin iskar da yake fitarwa tana kisa cikin barci.

Tsadar itace kuwa maganinta yana gona, kuma wannan saƙo ne ga maigida. A yankin Maraɗi na Nijar, tun shekarun 1980 manoma suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bar su, a riƙa yi musu aski. Ta wannan hanya aka dawo da itatuwa a gonaki masu faɗin hekta kusan miliyan 5 a ƙasar Nijar, ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Kalgo da sabara da magarya da ke gonakin Ringim za su yi haka su ma, rassan da aka aske su zama itacen girki. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, sai ma ƙarin taki.

TAMBAYA: Shekara uku da suka wuce an yi mana rijiyar burtsatse mai sola, ta yi shekara biyu ta tsaya, har yau ba wanda ya zo. Yanzu kuma wani kamfani yana son kafa tashar sola ya ba gari wuta da mita. Jama'a suna cewa rana kyauta ce, don me za su biya? Daga wani dagaci a ƙaramar hukumar Sumaila.

AMSA: Ranka ya daɗe, rana kyauta ce, amma fanel da famfo da waya da batir da mai gadi ba kyauta ba ne, kuma rijiyar da ta tsaya a garinku ita ce shaida. Fanel yana kai shekara 25 yana aiki, don haka da wuya a ce shi ne ya lalace. Abin da ya saba tsayar da irin wannan rijiya ƙarami ne: akwatin sarrafa wuta ya ƙone saboda tsawa ko zafi, ko an yanke waya, ko maɓallin da ke kashe famfo idan tanki ya cika ya maƙale, ko kuma ruwa ya sauka famfo ya yi ta juyi a bushe har ya ƙone. Na ƙarshen ya fi yawa a ƙasa mai dutse irin ta kudancin Kano, inda ruwa yake a cikin tsagar duwatsu kuma rijiya ba ta jure famfon da ya fi ƙarfinta. A kira mai gyara ya duba daga sama zuwa ƙasa kafin a yarda da maganar ciro famfo, kuma duk abin da aka cire a bar shi a hannun gari.

Idan ta tashi, a kafa kwamiti mai mata a ciki, tunda su da yara ne suke fara sanin ranar da ruwa ya ragu. A sa ɗan kuɗi kaɗan a kan kowace jarka ko kowane gida a wata, a ware marayu da gajiyayyu, a ajiye kuɗin a asusun da mutum biyu ko uku suke sa hannu, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a. A tura matasa biyu su koyi gyara, a rubuta zurfin rijiyar da ƙarfin famfo da adadin fanel a takarda a ajiye a fada.

Maganar kamfanin ba sabon abu ba ce a ƙasar nan. Hukumar samar da wuta a karkara ta kafa tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero a 2019, a 2021 kuma a Jangefe ta ƙaramar hukumar Roni aka ƙaddamar da shirin Solar Power Naija mai burin kai wuta gidaje miliyan 5. Hukumar NERC mai kula da harkar lantarki tana da ƙa'idojin ƙananan tashoshi tun 2016, waɗanda suka tanadi rajista ko izini ga kamfani da kuma rubutacciyar yarjejeniya tsakaninsa da jama'ar gari. Saboda haka ka nemi ganin takardunsu, kuma kafin ka ba da fili a rubuta waɗannan a fili: kuɗin yunit ɗaya da yadda za a riƙa sauya shi, awa nawa wuta za ta zauna a yini, kwana nawa gyara zai ɗauka, wa zai kwashe matattun batura, shekara nawa aka ba da aron filin, da abin da zai faru idan wata rana layin kamfanin rarraba wuta na KEDCO ya iso garin.

Tambayar da na fi so ka matsa a kanta ita ce ko tashar za ta ɗauki injin niƙa da na casar shinkafa da walda da firji. Tashar da ƙwan fitila da cajin waya kawai take ɗauka kuɗin da take tarawa ba ya isa sauya batir, sai ta bi sahun rijiyar. Wadda masu sana'a suke ja da rana, lokacin da wuta ta fi yawa kuma ba ta bi ta batir ba, ita take riƙe kanta, farashin gidaje ma ya sauko. Ka tara masu injin niƙa da teloli da masu shago, kowa ya faɗi abin da yake kashewa a dizal da fetur a wata, sannan a tambayi magidanta abin da suke kashewa a batirin tocila da cajin waya. Wannan jimillar ita za ka riƙe a hannu ranar da za ka zauna da kamfanin, ita kuma za ka karanta wa masu cewa ba za su biya ba.